Rainon irin tattasai da tumatir a tsakiyar hunturun Zariya

Daga Disamba zuwa Janairu, mai rainon iri a fadamar kogin Galma ko bakin kogin Kubanni yana fama da abu biyu a lokaci guda: ƙasa na bushewa da wuri, dare kuma na yin sanyi. Tun watan Oktoba ruwan sama ya ɗauke, iskar arewa maso gabas na tsotse laimar saman ƙasa cikin 'yan awanni, da asuba kuma ma'aunin zafi kan sauko zuwa digiri 12 ko 13. Irin tattasai da attarugu kuwa ya fi son ƙasa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30. Shi ya sa irin da kan fito cikin kwana goma da damina, yanzu sai ya kusa mako uku a ƙasa.

A nan manoma da yawa ke yin kuskure. Sun ga iri ya ƙi fitowa, sai su ɗauka ƙishi ne, su yi ta kwarara ruwa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi daɗewa kafin ta ɗumama, don haka irin ya ƙara jinkiri, wani ya ruɓe, wanda ya fito ma gindinsa ya sirance ya kwanta.

Fara da shinge. Kafa zana ko karan dawa mai tsayin mita ɗaya da rabi ta gefen arewa da gabas, ka bar kudu a buɗe rana ta shigo. Komin da za a shuka irin ya zama faɗin mita ɗaya, ɗan ƙasa da dandaryar gona don ya riƙe ruwa. A cakuɗa ruɓaɓɓen takin dabbobi, bokiti ɗaya a kowace murabba'in mita. Ɗanyen taki ƙona tsiro yake yi. A ja layuka tazarar santimita 10 zuwa 15, zurfin iri kada ya wuce santimita ɗaya. Sai a shimfiɗa busasshiyar ciyawa sama-sama, wadda ba ta da 'ya'ya. Ita ce bargon komin da dare, da rana kuma ta tare iska. Da zarar tsiro ya leƙo a janye ta, in ba haka ba zai miƙe siriri ya yi fari.

Ban ruwa da hantsi ya fi, a yayyafa a hankali, ƙasa ta sha rana kafin dare. Kafin ka zuba, tura yatsa zuwa gaɓa ta biyu. In da danshi, bari sai gobe.

Tumatir ya fi haƙuri da sanyi, cikin mako huɗu zuwa biyar ya isa dashe. Tattasai kuwa a ba shi shida zuwa takwas. Ana saura mako guda a rage masa ruwa don ya yi ƙwari, a jiƙa komin sosai ranar cira, a dasa bayan la'asar.