Zawon yara ba haƙora ba ne kawai

'Yan uwana mata, don Allah mu daina cewa "haƙora ne" in yaro ya kama zawo, musamman in damina ta sauka a Maradi. Ƙarewar ruwa a jiki ita ke kashe yaro. Ki zuba fakitin SRO (garin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki) guda cikin lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce, ki riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, ko ya yi amai ki dakata minti 10 ki ci gaba. In ruwan ya kwana, ki zubar. Kada ki yanke nono. Maganin zinc kuma ki ba shi kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya.

In maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, ko kika ga jini a kashi, ki garzaya likita, ko da tsakar dare.