Yadda Ma'aikacin Lafiya a Legas Zai Cika Sharaɗin Horon Hana Yaɗuwar Cuta

Wanda ya yi aikin asibiti a Legas a 2014 ba zai manta da Ebola ba. Cikin mutum 8 da ta kashe a Najeriya har da Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana majinyacin da ya shigo da cutar daga Laberiya barin asibiti. Don haka 'yan uwanmu masu aiki a Agege ko Idi-Araba, kada a yi wasa da horon nan.

Da farko ka san hukumar da ke riƙe da lasisinka. Likita na ƙarƙashin MDCN, hukumar likitoci ta Najeriya, kuma sai ya tara makin ƙarin ilimi kafin ya sabunta lasisi duk shekara. Nas da ungozoma na ƙarƙashin tasu hukumar, NMCN, su ma sai sun halarci kwas na dole. Kafin ka biya ko sisi, tambayi masu shirya bitar: hukumata ta amince da ku? In ba haka ba, takarda kawai ka saya.

Sai ka nemi jami'in hana yaɗuwar cuta na asibitinku ya sa sunanka a bita ta gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da darussa kyauta a intanet, sai dai waya ba ta gyara maka hannu.

Nan ne gizo ke saƙar. Ka nace a tsaya a kanka kana yi. Wanke hannu da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, goga sanitaiza kuma 20 zuwa 30, a lokuta biyar na kula da majinyaci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Ka yi ta maimaita cire kayan kariya, domin wurin cirewa aka fi ɗaukar cuta. Allura in an gama da ita ba a mayar mata da murfi. Akwatin allurai za ta shiga, a rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu. In ta soke ka, ka kai rahoto nan take, don maganin kariya daga HIV ba ya jira ya wuce awa 72.

Ka kuma kare kanka da rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida.

Ka ɗauki hoton satifiket ɗin, ka ba ofis kwafi a saka a fayil ɗinka, saboda jami'an HEFAMAA, hukumar sa ido kan asibitoci ta Jihar Legas, na zagayen duba asibitocin jihar.