Shafi ya yi kore amma ya yi nauyi: kurakuran masu zane wajen kare muhalli

Akwai wani irin shafin intanet da ake yawan cin karo da shi: kore shar daga sama har ƙasa, ga ganye a jikin tambari, ga rubutu cewa masu shi suna kula da muhalli. Kana dannawa sai ka zauna kallon da'ira tana ta juyawa, domin shafin yana jawo bidiyon daji mai nauyin gaske kafin ya nuna maka ko kalma ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Koren launi ba ya rage hayaƙin da ke gurɓata muhalli. Abin da ke shan wuta shi ne nauyin da shafi yake aikawa, tun daga kwamfutar da ke ajiye da shi a cibiyar bayanai, zuwa igiyoyin sadarwa da eriyoyin da suke ɗauko shi, har zuwa wayar mai karatu da za ta buɗe shi. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin bayanai kaɗai sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya a 2024.

Hotuna ne suka fi ɓata aiki, don haka da su za mu fara. Kyamara ta ɗauki hoto mai faɗin fikisel 4000 (fikisel su ne ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto), mai zane ya ɗora shi yadda yake, sannan ya matse shi cikin akwati mai faɗin fikisel 400. A ido hoton ya ƙanƙance, amma fayil ɗin yana nan da nauyinsa, kuma duk wanda ya buɗe shafin sai ya sauke shi gaba ɗaya. Gyaran shi ne a rage girman hoton tun kafin a ɗora shi. Idan shafin zai buɗu a waya da kuma babban allo, a tanadi girma biyu ko uku, a yi amfani da umarnin srcset don burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta zaɓi wanda ya dace da allon da take kai.

Sai nau'in fayil. JPEG tun 1992 yake aiki, kuma har yanzu ba a yar da shi ba, sai dai WebP da Google ya fitar a 2010 da AVIF da ya biyo baya a 2019 sukan ba da kyau iri ɗaya da nauyin da bai kai nasa ba, kuma manyan burauzoji duk suna buɗe su yanzu. Ajiye hoton kyamara a PNG ɓarna ce tsagwaronta, domin an yi PNG ne don zane mai layuka da launi tsayayye. Tambari da ƙananan alamomi kuwa SVG ya fi dacewa da su, tunda shi lissafin layuka yake ajiyewa, ko an faɗaɗa shi ba ya dishewa. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne GIF mai motsi. Nau'i ne na 1987 wanda ba ya wuce launi 256 a kowane hoto, ba a kuma ƙirƙire shi don bidiyo ba. Ɗan gajeren motsin da aka mayar MP4 ko WebM yakan ragu ninkin ba ninkin.

Hotunan da ke can ƙasan shafi a sa musu umarnin loading="lazy", kada su sauka sai mai karatu ya kusa isa wurinsu. Amma a kula, kada a sa wa babban hoton da ke sama, don jinkiri kawai zai jawo. Kafin duk wannan ma, akwai tambayar da ba a cika yi ba: hoton nan na mutane biyu suna musabaha suna murmushi, wanda aka sayo daga rumbun hotuna, me ya ƙara wa mai karatu? Sau da yawa amsar ita ce babu, kuma cire shi ya fi kowace dabarar matsewa.

Bidiyon da ke kunna kansa ba ya buƙatar dogon bayani: a kashe. Ko akwatin YouTube da aka liƙa a shafi yana jawo tarin fayiloli tun ba a danna shi ba. A sa hoto tsayayye da alamar kunnawa, bidiyon ya zo idan an nema.

Salon haruffa ma yana ɓoye nauyi. Siriri, matsakaici, mai kauri, mai karkata, yawanci kowanne fayil ne daban, sai ka ga an loda takwas alhali biyu ake amfani da su. A taƙaita, a ajiye su a nau'in fayil na WOFF2, ko a bar haruffan da ke cikin na'urar mai karatu su yi aikin, waɗanda ba sai an sauke komai ba. Masu cire haruffan da ba sa buƙata daga fayil don ya yi sauƙi su yi hattara: idan aka yanke har da irin su ƙ da ɗ da ɓ, burauza za ta aro su daga wani salon, ko ta nuna akwatin banza a tsakiyar kalma. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kuskuren da ba a gani da ido shi ne JavaScript, yaren da ake rubuta umarnin da ke sa shafi motsi da amsa dannawa. Kilobait 300 na hoto da kilobait 300 na JavaScript ba ɗaya ba ne. Hoto ana buɗe shi a nuna, shi kuwa JavaScript sai waya ta karanta, ta fassara, ta aiwatar, batir yana ƙonewa, waya tana zafi. Ana ɗauko babbar manhaja don maɓalli ɗaya ya yi rawa, a ƙara manhajojin bin sawun masu ziyara uku ko huɗu da babu mai duba rahotonsu, a cika WordPress, manhajar gina shafuka, da ƙarin manhajojin da aka manta dalilin sa su. A nan ne, a ganina, maganar muhalli ta fi tsanani. Mafi yawan hayaƙin da wayar hannu ke jawowa a rayuwarta daga ƙera ta yake fitowa, ba daga cajin ta ba. Shafin da ke sa wayar shekara biyar ta riƙa sandarewa yana nuna wa mai ita cewa ta tsufa, alhali lafiyarta ƙalau. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma wanda aka tabbatar an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Saboda haka a riƙa gwada shafi a tsohuwar waya mai ƙaramin ƙarfi da intanet mai rauni, ba a sabuwar kwamfutar mai zane kaɗai ba. Abin da HTML da CSS, masu tsara rubutu da kamannin shafi, za su iya, a bar musu.

Baƙin bango ma an yi masa gurguwar fahimta. A allon OLED kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, baƙi kuwa kashe ɗigon ne, don haka ana rage wuta da gaske. A allon LCD fitilar baya tana kunne ko fari ko baƙi, ribar ba ta taka kara ta karya ba. A ba mai karatu zaɓi. Kuma kada a fake da tsimi a rubuta da toka-toka a kan baƙi: ƙa'idar WCAG, mai tabbatar da kowa ya iya amfani da shafi har da masu nakasa, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum.

A ɓangaren ajiya, a kunna matse fayiloli da Brotli ko gzip, a kuma umarci burauza ta riƙe abin da ba ya sauyawa, kada ta sake sauke tambari a kowace ziyara. Ƙungiyar Green Web Foundation tana da wurin duba ko kamfanin da ke ajiye shafinka yana amfani da makamashi mai sabuntuwa. Manhajojin da ke auna hayaƙin shafi suna da amfani wajen kwatanta jiya da yau, amma ƙiyasi suke yi, bai kamata a maƙala sakamakonsu kamar lambar yabo ba. Mai son ganin iyakar abin ya leƙa shafin Low-tech Magazine, wanda tun 2018 yake aiki da hasken rana daga Barcelona, yana kuma ɗaukewa idan gajimare ya daɗe. Ba kowa zai iya haka ba, ba kuma dole ba ne.

A takarda kurakuran sun fi fitowa fili, don ana ganin su a kwandon shara. Mai zane ya ƙirƙiro girman da bai dace da takardar maɗaba'a ba, sai a yanke gefuna masu yawa a zubar. Tsayawa kan A4 da A5 da 'yan uwansu, ko tambayar mai bugawa girman da zai cika takardarsa kafin a fara zane, yana magance wannan. Shafe bango gaba ɗaya da tawada mai duhu yana cin tawada da lokacin bushewa. Lulluɓe takarda da leda mai sheƙi yana wahalar da sake sarrafa ta, ko da asalinta tana ɗauke da tambarin FSC, shaidar cewa an samo ta ta hanyar da ke kula da dazuzzuka. An taɓa yin haruffa masu ƙananan ramuka, irin su Ecofont, don tsimin tawada. Dabara ce mai kyau, amma ba ta kai rage yawan abin da ake bugawa tasiri ba. Ana buga dubbai don rahusa ta ja hankali, rabi ya ƙare a kwali. Allon talla da za a iya sake amfani da shi kada a buga kwanan wata a jikinsa, a sa a ƙaramar takardar da za a iya sauyawa. Kafin a tura aiki maɗaba'a kuma, a ba wanda bai taɓa ganinsa ba ya karanta, musamman sunaye da lambobi, domin harafi ɗaya da ya kuɓuce yana iya sa a sake buga aikin daga farko.