Yadda Ake Zana Ƙauyen Amurka na Da a Kan Katako

Irin wannan zane, mai jan rumbu da keken doki da manoma birjik a gona, wadda ta fi shahara da shi ita ce Anna Mary Robertson Moses, da ake kira Grandma Moses. An haife ta a 1860, ta rasu a 1961, kuma sai da ta haura shekara 70 sannan ta kama zane gadan-gadan. A kan katako take yawancin aikinta, kuma daga sama take farowa ta gangaro ƙasa. Wannan tsarin za ka bi.

Ka nemi filawud mai kaurin milimita 6 a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, a yanka maka santimita 40 da 60. Goge shi da samfefa, ka haɗa farin fentin ruwa kashi 3 da farin gam na kafinta kashi 1, ka shafa sau 3, kana bari ya bushe kana sake gogewa. Bayan katakon ma a shafa masa sau ɗaya. In fuska ɗaya ce kawai ta sha fenti, da damina ta sauka sai ka ga ya lanƙwashe.

Ja layin da sama ta haɗu da ƙasa can sama, ka bar wa sararin samaniya kashi ɗaya cikin huɗu kacal. Nan sababbin hannu ke kuskure: su raba allon biyu daidai, sai ƙasa ta yi kaɗan, a rasa inda za a zuba jama'a. Ana son mai kallo ya ji kamar yana kan Dutsen Dala yana hango gari. Bayan sama sai tsaunuka masu nisa, da shuɗi mai haske da aka sirka da toka-toka, sannan tuddai, bishiyoyi, gidaje, dabbobi, mutane a ƙarshe. Kowanne ya bushe kafin na gaba ya hau, in ba haka ba launuka su cakuɗe su koma ruwan kwata.

Jan rumbun ba jan tumatir ba ne. Manoman can da jar ƙasa mai tsatsar ƙarfe suke haɗa fentinsu, don haka ka zuba ɗigon fenti mai launin ruwan ƙasa a cikin jan har ya dushe. Gidaje farare ne na falanki, shinge na itace. Kada fal ɗin wuta ko mota su shigo, za su ɓata zamanin.

Dusar ƙanƙara ita ke ba mai zanen Kano wahala, tunda ba a saba ganinta ba. In ka shafa fari zalla, allon zai zama kamar ba a taɓa shi ba. Sa shuɗi kaɗan ƙwarai a gindin bishiya, gefen gida da sawun keken doki, farin gaske kuma ka ajiye shi don kan rufi da rassa.

Mutanen gaba kada su wuce santimita 4, na tsakiya 2, na nesa ɗigo ne kawai. Kowa a ba shi aiki: wani na faskare, wata na shanya, yara na bin kare. Ba sai an fitar da ido da hanci ba, wanda hakan ma ya fi wa masu saye da yawa a nan daɗi.

Da bazara fentin akirilik, wato fentin zane na ruwa, kan bushe a faranti cikin mintuna, sai ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ka ɗora takarda, ka matsa fentin a kai. Da hunturu kuwa ƙura ce matsala, jingina allon fuskarsa na kallon bango. Fentin mai yana zama a kan na ruwa, amma na ruwa a kan na mai ɓarewa yake. Banish, wato man ƙyalli da ake shafawa a ƙarshe, sai bayan mako guda ga akirilik, ga fentin mai na masu zane kuwa wata 6.