Yadda Ake Yi wa Riga Ado da Parazone

Duk wadda parazone, wato bilic na wanki, ya taɓa ɗigar mata a baƙar riga ta san takaicin. To, wannan tabon ne za mu mayar ado.

A yadi ake fara dacewa. Ki nemi auduga zalla mai duhu, baƙa ko shuɗiya. Polista ba ta jin bilic, siliki da ulu kuwa cinye su yake yi. Don Allah 'yar'uwa, kada ki koya a kan atamfarki ta biki. Ki shiga kasuwar Kejetia ta Kumasi ki tsinto rigar gwanjo, ki wanke ta bushe.

Ki fito tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ki sa safar hannu ta roba, yara su yi nesa. Ki zuba parazone kofi 1 da ruwa kofi 1 a kwalbar feshi. Ki zura kwali cikin rigar don kada parazone ya ratsa zuwa baya. Ki ɗiga kaɗan a cikin kalmasa tukuna. Baƙi yakan koma ja-ja kamar tsatsa, ba fari ba.

Wajen fitar da zane, ni ganyen gwanda na fi so, saboda yatsunsa suna fitowa raɗau. Ki shimfiɗa shi, ki danne da tsakuwa, ki fesa sama-sama daga nesa kaɗan, kada yadin ya jiƙe sharkaf. In tambari kike so, masu buga adinkra (yadin Asante mai tambura) a garin Ntonso kusa da Kumasi a jikin ƙwarya suke sassaƙa nasu. Ke soso ya ishe ki, ki yanka shi siffar da kike so ki riƙa dangwalawa.

Daga nan kada ki gusa, ko tukunya na ƙonewa. Cikin minti 5 zuwa 10 launin zai tashi. Da ya yi miki, ki ɗauke ganyen ki ɗauraye da ruwa mai yawa. Bilic ba ya daina cin zare don kin gama, shi ya sa wasu rigunan ke hudewa bayan wanki biyu-uku. Don kashe ƙarfinsa, ki sayo haidurojin feroksaid a kemis, kashi 1 cikin ruwa kashi 10, ki jiƙa rigar minti 10.

Kul ki haɗa parazone da binega ko amoniya, iskar da ke tashi guba ce. Sai ki wanke rigar ita kaɗai da sabulu, ki shanya a inuwa.