Yadda za ka zaɓa tsakanin wayar haƙori da robar jera haƙora

Yawancin waɗanda na ga sun yi asarar kuɗi a gyaran haƙori, tun kafin su ga likita suka gama yanke hukunci. Sun ga wata a TikTok da roba garai-garai a baki wadda ko ganinta ba a yi, sai suka ce su ma ita suke so, waya kuwa ta yara ce. Daga nan matsalar take farawa.

Da farko a duba bakin. Nemi likitan da ya ƙware a jera haƙora, domin ba kowane likitan haƙori ne ya karanci wannan fannin ba, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambaya ko yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. A nan Zariya kana iya farawa da sashen haƙori na asibitin koyarwa na ABU, in aikin na wani wuri ne za a faɗa maka. Za a ɗauki hoton da ke nuna duka haƙora da saiwoyinsu da ƙashin muƙamuƙi. Duk wanda ya ce zai fara maka aiki ba tare da wannan hoton ba, ɗauki takalminka ka fita. In akwai kogo a haƙori, ko dasashi na zubar da jini lokacin goge baki, shi za a fara magancewa. Ba a tura haƙori a kan dasashi mai ciwo.

Sai ka yi wa likita tambaya ɗaya: irin matsalata, roba za ta iya gama ta? Ka lura, gamawa na ce. Roba tana aiki sosai in haƙoran gaba ne suka ɗan hau juna ko akwai 'yar tazara. Tana shan wahala wajen juya fiƙa da ta karkace, ko janyo haƙorin da ya maƙale a sama, ko rufe giɓi bayan an cire haƙori don a samu wuri. In na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa daidai, waya ta fi ƙarfi, wani lokacin ma sai an haɗa da tiyatar muƙamuƙi. Idan likita ya ce waya, to magana ta ƙare. Af, mai wushirya kuma ta faɗa tun ranar farko ko tana son a bar mata abarta, don tsarin jera haƙoran da kwamfuta ke fitarwa yakan rufe kowace tazara in ba a ce a bari ba.

To idan ya ce duka biyun za su yi fa? Nan ne wurin da nake so ka tsaya, don nan mutane suke faɗuwa.

Ana so roba ta zauna a baki awa 20 zuwa 22 kowace rana. Ragowar awa 2 zuwa 4 ke nan, kuma a cikinsu za ka karya, ka ci na rana, ka ci na dare, ka goge baki bayan kowanne kafin ka mayar da ita. Ruwa kaɗai ake sha da ita a baki. Shayi mai zafi yana lanƙwasa ta, zoɓo yana rina ta, lemon kwalba kuma yana shiga ƙarƙashinta ya kwanta a jikin haƙori, sukarin ya yi ta ci. Yanzu dubi yininka da gaskiya. Ɗalibar da ke Samaru ta fito lakca, ƙawa ta miƙo mata gyada, ta ciro robar ta naɗe a tishu ta sa a jaka. Daga nan aka sayi awara, aka zauna hira, aka shiga wata lakcar. Ba ta tuna ba sai bayan isha'i. Ta yi haka kwana uku a mako, ranar da za ta koma roba ta gaba, tunda robobin jeri ne da ake sauyawa ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga sabuwar ba ta zauna ba, akwai 'yar rata tsakanin bakin haƙorin da robar. Haƙorin bai iso inda aka tsara ba. Kowace roba an ƙera ta ne a kan cewa wadda aka sa kafin ita ta gama aikinta, kamar matakalar bene, in ka tsallake ɗaya sauran ba su da amfani. Sai a sake auna baki, a sake odar wasu, a jira. Ita kuwa wadda aka naɗe a tishu, rabin lokaci a bola take ƙarewa.

Saboda haka kafin ka biya ko sisi, yi wannan gwajin na mako guda. Duk lokacin da wani abu ban da ruwa ya shiga bakinka, rubuta lokacin farawa da na gamawa a wayar salularka, ka ƙara minti biyar na goge baki. Har goro, har alewa, har kofin shayin da ake kurɓa a hankali a majalisa. Ka tabbata makon ya haɗa da ranar biki ko suna, don ranar ce ke tona asiri. In jimillar tana wuce awa huɗu, kada ka yaudari kanka cewa za ka canza. Sa waya. A ganina duk mai cin goro ya manta da roba kawai, haka yaron da sai an bi shi kafin ya goge baki. Watan azumi ma a lissafa shi: da rana ba ruwanka, amma daga buɗa baki zuwa sahur awannin suna zubewa ba ka sani ba.

Ita waya ba ta neman ka tuna da ita, a manne take dare da rana, amma tana da nata haraji. Rake, aya, ƙashi, gasasshiyar masara, kilishi mai tauri, duk ka yi musu sallama, don su ne ke ɓalle ƙananan ƙarafan da aka liƙa a haƙori, kuma kowane ɓallewa yana ƙara tsawon aikin. Kwanakin farko bayan kowane ɗauri baki yana tsami, sai kunu da fate. Ƙarfe yana gurzar cikin kunci, akwai kakin da ake bayarwa a liƙa a kai. Babban haɗarinta shi ne ƙazanta: wanda bai iya goge kewayen ƙarafan ba, ranar da aka cire zai ga fararen tabo a haƙoransa, kuma ba sa fita da sauƙi. Asuwaki shi kaɗai ba ya shiga ƙarƙashin waya, sai ka haɗa da ƙaramin buroshin nan na tsakanin haƙora.

Sannan kuɗi. Roba ta fi tsada a mafi yawan lokuta, musamman irin su Invisalign na kamfanin Amurka, tunda farashinsu yana bin dala. Kada ka tsaya a kuɗin da aka faɗa maka da baki. Tambayi ko ya haɗa da hoto, da cire haƙori, da ƙarin roba in an sake awo, da gyaran ƙarfen da ya ɓalle, a rubuta maka. Waya tana son ganin likita kusan duk mako 4 zuwa 8, aikin kuma yakan kai wata 18 zuwa 24, don haka in likitanka a Kaduna ko Kano yake, lissafa kuɗin mota sau goma zuwa ashirin da wani abu. Mai shirin tafiya bautar ƙasa ko amaryar da za a kai wani gari ta faɗa tun yanzu, sauya likita a tsakiyar aiki akwai ciwon kai.

Hanyoyin arha guda biyu ka guje su. Wayar ado da ake liƙawa a shagon kwalliya tana iya motsa haƙori ba tare da wani tsari ba. Robar da ake aikowa ta intanet ba likita kuwa, kamfanin SmileDirectClub da ya yi suna da ita ya rufe a Disambar 2023, ya bar mutane da aiki rabi.

Ko wacce ka zaɓa, ranar cirewa za a ba ka abin riƙe haƙora, ko na roba da ake sawa da dare, ko siririyar waya a bayan haƙoran gaba. Haƙori yana ƙoƙarin komawa inda ya fito, musamman a shekarar farko, don haka ana ci gaba da sa shi shekaru. Tambayi kuɗinsa tun farko, da kuɗin sabo in ya ɓace ko ya tsage.