Yadda ake Safa da Marwa ba tare da lissafi ya rikice ba

A gidanmu, idan mutum ya kasa zaune ya kasa tsaye, yana ta kai-komo a tsakar gida, sai Inna ta ce, "Wai safa da marwar me kake yi ne?" Haka ake ce wa maigidan da ke sintiri a bakin ɗakin haihuwa. Na tashi ina jin maganar, amma ban san nauyinta ba sai da na taka wurin da ƙafata. Can na tuna Nana Hajara, ruwa ya ƙare, jaririnta Annabi Isma'il (AS) yana kuka, ta hau wannan dutse ta duba, ta sauko ta nufi wancan, har sau 7, kafin Allah Ya ɓuɓɓugo da Zamzam. Duk uwar da ta taɓa kwana da yaro marar lafiya ta san wannan tafiyar.

'Yan'uwa maniyyata, ga yadda ake yi. Bayan ɗawafi da raka'a biyu, ku sha Zamzam, ku bi alamar da ke nuna Safa. Daga nan ake farawa, ba daga Marwa ba. Da kun kusa, ku karanta farkon aya ta 158 ta Suratul Baƙara, ku ɗan hau tudun, ku fuskanci Ka'aba, ku ɗaga hannu ku yi kabbara da addu'a. Kada ku yi gaggawa a nan. Ni a nan na zayyano sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya.

Sai lissafi, inda mutane suka fi tuntuɓe. Safa zuwa Marwa ɗaya ne. Dawowa daga Marwa zuwa Safa shi ne na biyu. Wata dattijuwa da muke ɗaki ɗaya ta ɗauka zuwa da dawowa ne ɗaya, ta yi 14, ta dawo masauki ƙafafu a kumbure, kwana biyu muna gasa mata da ruwan zafi. Tsakanin duwatsun bai wuce mita 450 ba, amma sau 7 ya kai wajen kilomita 3, balle a ninka. Dabarar da na riƙe ita ce: 1, 3, 5 da 7 duk a Marwa suke ƙarewa. Idan kin ce kin gama alhali kina tsaye a Safa, akwai kuskure. Na kuma ɗaura ƙaramin carbi a hannu, duk ƙarshen tafiya in ja ƙwaya ɗaya. In shakka ta shiga tsakanin 4 da 5, ku ɗauki 4 ku ci gaba.

Za ku ga koren fitilu a sama. Tsakaninsu maza ke sassarfa, domin nan ne kwarin da Nana Hajara ta yi gudu. Mu mata tafiyarmu muke yi. Idan kina tare da maigida, ku yi alkawarin inda zai jira ki bayan fitilun, don cunkoso na raba mutane cikin ƙiftawar ido.

Daɓen wurin akwai sanyi da tauri, kuma tafin ƙafa na jin jiki tun daga zagaye na huɗu. Wanda ya gaji ya raɓe gefe ya huta, ya kurɓi Zamzam, ya ɗora daga inda ya tsaya. Haka ma in an tayar da salla. Tsofaffi kuwa kada a bari kunya ta hana su hawa keken guragu, akwai masu turawa, kuma benen sama ya fi sarari.

Idan umara ce, da kun kammala na 7 a Marwa sai maza su yi aski ko saisaye. Mace ta tattara gashinta ta yanke kamar gaɓar yatsa. Ki taho da ɗan almakashinki a jaka, ki nemi lungu, ko ki bari sai kin koma masauki.